Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Kan Shiga

Kowace na'ura mai rarraba saƙonnin intanet tana ɗauke da kundin tsarinta. A cikinsa ne ake rubuta kalmomin sirri da adireshin sauran na'urori da ƙa'idojin shiga. Duk ɓarawon da ya sami wannan kundi, to ya san gidan ciki da bai tun kafin ya taka zaurensa.

A watan Maris 2018 kamfanin Cisco ya bayyana wata kafa a manhajarsa ta Smart Install, ya kuma fitar da gyaranta. Amma a watan Agusta 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa 'yan leƙen asirin Rasha sun bi ta kafar sun kwashe kundayen dubban na'urori. Shekara bakwai ke nan magani na ajiye!

Ashe laifin bai tsaya ga ɓarawo kaɗai ba. Hukumar da ta girka na'ura ta mance da ita, ita ta bar bangonta a tsage. Wajibi ne a riƙa sa gyara da zarar ya fito, a rufe Smart Install inda ba a bukatarsa, a sauya tsofaffin na'urori. In kuwa kundi ya riga ya fita, lalle a sake kalmomin sirrin duka, domin mabuɗan suna hannun ɓarawo.