Kada a Ƙara Ƙwaya Sai an Auna Jini

'Yan'uwa manoma, akwai wani abu da nake gani a cikin ƙungiyoyinmu wanda ya kamata mu gyara. Mutum ya je asibiti, likita ya ce tayirod ɗinsa ba ya aiki sosai, aka ba shi ƙwayoyi. Bayan mako biyu ya ga gajiya ba ta sake shi ba, sai ya riƙa shan biyu maimakon ɗaya. Wata kuma ta ji sauƙi, ta daina sha, ta ba maƙwabciyarta sauran. Dukansu sun yi kuskure. A ganina, ba wanda ya isa ya ƙara ko ya rage wannan magani sai likita, shi ma sai ya ga sakamakon awon jini.

Tayirod wani ɗan nama ne a gaban wuya. Idan ya kumbura, shi ne muke kira maƙoƙo. Aikinsa shi ne ya zuba wani sinadari cikin jini, wanda likitoci ke rubuta T4. Idan sinadarin ya kasa, mutum yakan yi ta gajiya, ya ji sanyi ko da bazara, fata ta bushe, bayan gida ya yi wuya, jiki ya yi nauyi. A da, rashin aidin a abinci ne babban dalilin maƙoƙo a ƙasarmu, shi ya sa tun 1993 aka tilasta sa aidin cikin gishiri a Nijeriya. Amma akwai waɗanda jikinsu ne ke lalata tayirod ɗin, da waɗanda aka yi wa aikin maƙoƙo aka cire shi. Waɗannan gishiri ba zai ishe su ba, sai ƙwayar tayiroksin kowace rana, yawanci har iyakar rai.

To, yaya ake karanta takardar awon? Lamba ta fari da za ka duba ita ce TSH. Wannan saƙo ne da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, yana umartar tayirod ya yi aiki. Ka tuna da mai huɗa da shanu. Idan shanun suna jan garma daidai, ba ya ɗaga murya. Idan sun yi sanyi, sai ya yi ta tsawa. Haka TSH yake. A yawancin asibitoci, daga 0.4 zuwa 4 shi ne daidai. Idan ya hau sama da haka, watau tayirod ya yi rauni, ko kuwa maganin bai isa ba. Idan ya faɗi ƙasa ƙwarai, maganin ya yi yawa. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, gama sukan ga lamba babba su ɗauka magani ne ya yi yawa, alhali kuwa akasin haka ne.

Sa'an nan sai haƙuri. Wannan magani yakan daɗe kafin ya zauna a jiki. Domin haka, bayan an canja yawansa, sai a jira mako 6 zuwa 8 kafin a sake awo. Likita yakan ƙara kaɗan kaɗan, kamar maikirogiram 12.5 ko 25. Tsofaffi da masu ciwon zuciya ana fara musu da ɗan kaɗan. Dukanmu mun san abin da takin zamani ke yi wa masara idan an zuba fiye da kima: ƙona ta yake yi. Haka ƙwayar nan, idan ta yi yawa takan kawo bugun zuciya, da rawar hannu, da rashin barci, da raunin ƙashi.

Wani lokaci ma yadda ake shan maganin ne ke ɓata awon. A sha shi da ruwa tun da sassafe, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin koko ko ɗumame. Ƙwayoyin ƙarin jini da maganin gyambon ciki suna hana shi shiga jiki, sai a raba su da awa 4. Waken suya ma, ko awara ko madararsa, kada a haɗa su lokaci ɗaya. Mace mai shan wannan magani, da zarar ta ga ta yi ciki, ta je asibiti nan da nan, gama ana bukatar ƙara mata domin ƙwaƙwalwar jaririn.

Na san wani zai ce, asibitin da ke wannan awo yana da nisa, ga kuɗin mota, ga kuɗin awo. Gaskiya ne. Amma idan maganin ya daidaita, awo sau ɗaya a shekara yakan isa. Wannan bai fi ƙarfin ƙungiya ba. Muna tara kuɗi domin iri da taki, me zai hana mu ware ɗan wani abu bayan kaka domin awon jinin 'yan'uwanmu? Manomin da gajiya ta kwantar da shi a lokacin noman fari, hasarar ta kowa ce.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi su kawo wannan magana a taro na gaba. Kai kuma mai shan ƙwayar, ka adana kowace takardar awo a wuri ɗaya, ka riƙa tafiya da su duk ranar ganin likita.