Injin Ban-Ruwan Na Waye?

A fadamun Haɗejiya, daga Auyo zuwa Kirikasamma, sau da yawa jarin noman rani daga ɗakin mace yake fitowa. Ta sayar da awakinta ko zinarenta, maigida ya sayi injin ban-ruwa da taki, a dasa shinkafa. Ba shaida, ba rubutu. Ranar da aure ya mutu, ko magada suka zauna rabon gado, sai tambaya ta taso: rance ne, kyauta ce, ko haɗin jari?

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Shari'a na Jigawa ke bi, ya riga ya keɓe wa mace dukiyarta. Aure ba ya mallaka wa miji ita. Matsalar tana wajen tabbatarwa, domin alƙali hujja yake nema daga mai da'awa, kuma abin da aka ƙulla a cikin ɗaki ba ya barin sawu.

Maroko, ƙasar Malikiyya, ta lura da wannan giɓi. Sashe na 49 na dokar iyalinta ta 2004 ya ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya daban kan dukiyar da za su tara tare.

Masu ganin rubutu alamar rashin yarda ce su tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi ta sauka. Takarda ɗaya da shaidu biyu, kafin ɗaurin aure ko bayansa, sun isa su hana mace fita da akwati kawai daga gonar da kuɗinta suka raya.