Sirrin Jama'a A Ofisoshin Da Ba Su Da Bango

Duk wanda ya taɓa zama gaban jami'in banki a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san wannan matsala. Kana bayanin bashin da ake bin ka, wanda ke bayanka a layi yana ji, ba don ya kasa kunne ba, sai don kunne ba shi da murfi. Haka abin yake a asibitocin da labule kaɗai ya raba likitoci biyu, da ofisoshin lauyoyi da aka kasa da filawud.

Wannan salon ofis aro muka yi. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara yayata buɗaɗɗen ofis a Jamus, sannan a 1968 kamfanin Herman Miller na Amurka ya fito da 'yan gajerun shingaye masu raba tebur da tebur. Alkawarin shi ne ma'aikata za su ƙara cuɗanya. Amma binciken da Ethan Bernstein da Stephen Turban na Jami'ar Harvard suka wallafa a 2018 ya nuna cewa a kamfanoni biyu da suka cire bango, hira ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Kafin nan, a 2013, masu bincike a Jami'ar Sydney sun gano cewa rashin sirrin magana shi ne abin da ya fi ƙona wa ma'aikatan irin waɗannan ofisoshi rai.

Abin da na lura mutane ba su gane ba shi ne, ba ƙara ce kaɗai ke raba ma'aikaci da aikinsa ba. Maganar da ake iya fahimta ita ce babbar ɓarauniyar hankali, domin ƙwaƙwalwa tana bin kalmomi ko mai ita bai so ba. Saboda haka ofishin da ya yi tsit ya fi tona asiri. Mu ma shaida ne: da zarar an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sai ka ji hirar ɗakin maƙwabta rangadadau, alhali tun ɗazu ake yin ta.

Kan wannan aka gina dabarar lulluɓe magana da sauti. Ana kafa ƙananan lasifikoki a silin, suna fitar da sauti mai laushi kamar hucin iska, wanda aka daidaita da amon muryar ɗan Adam, yawanci tsakanin desibel 45 zuwa 48, alhali hirar yau da kullum tana kai kusan 60. Na kusa da kai zai ji ka sarai. Na nesa zai ji murya, amma ba zai tsinci kalma ba. Idan aka zarce kima, jama'a za su ɗaga murya, an koma gidan jiya. Rediyo ko kiɗa ba su maye gurbinsa, don su ma hankali suke ja. Rugugin janareta kuwa, wanda wani zai ce ai muna da shi kyauta, ciwon kai kawai yake ƙarawa.

Ina goyon bayan wannan dabara, amma da sharaɗi. Masana suna jera matakai uku: a tsotse sauti, a tare shi, sannan a lulluɓe abin da ya rage. Ginin da ke da tayil a ƙasa, gilashi a gefe, da shingen da bai kai silin ba, lasifika ba za ta rufa masa asiri ba. Kuma na'urar da ke mutuwa tana tashi tare da wutar lantarki ta rasa amfaninta. Dole a haɗa ta da inbata.

Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan majiyyaci, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Ana kashe maƙudan kuɗi wajen tsare kwamfuta, amma a bar bayanin yana fita ta baki a gaban layi. Ina kira ga shugabannin bankuna da asibitoci su yi gwaji guda a wannan mako: a sa mutum biyu su yi magana a tebur, manaja ya tsaya inda jama'a ke jira. Idan ya iya maimaita abin da suka faɗa, ya kira mai zanen gini.