LAFIYA UWAR JIKI: Kashe Jijiyar Da Ke Kai Saƙon Azaba

Idan ciwon daji ya yi nisa har likitoci suka haƙura da warkarwa, aikin da ya rage shi ne hana majinyaci kwana cikin azaba. Tun a 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakan ba da magani, daga mai sauƙi har zuwa mofin, kuma yawancin masu ciwon kan sami sauƙi da haka. Amma akwai wanda mofin ba ya kwantar masa da ciwo, ko kuwa ya bar shi cikin magagi da amai. Irin wannan ne akan yi wa aikin kashe jijiya.

Dalilin kuwa, ciwo saƙo ne da jijiyoyi ke kaiwa ƙwaƙwalwa ta cikin laka. In aka datse hanyar, saƙo ba ya isa. Ga wanda daji ya kama cikinsa ta sama, akwai wani curin jijiyoyi a bayan tumbi. Likita zai tura doguwar allura yana duban hoton ciki, ya zuba sifirit mai ƙarfi a wurin, jijiyoyin su mutu. Sauƙin kan kai makonni ko watanni, gama jijiya tana iya sake tofowa. Galibi akan yi fama da gudawa da jiri na 'yan kwanaki.

Wanda ciwonsa ke gefe guda na jiki kuma, akan taɓa lakar kanta. Likitoci biyu a Amurka, Spiller da Martin, su ne suka bayyana wannan aiki a 1912, da wuƙa suke yi. Daga shekarun 1960 aka fara yin sa da allura ta wuya. Bayan aikin, gefen nan ba ya jin ciwo, ba ya kuma rarrabe zafi da sanyi, watau ruwan zafi zai iya ƙona mutum bai sani ba. Wani kuma ƙafa kan yi masa rauni, ko fitsari ya ba shi wahala.

Lalle wannan aiki ba ya kashe dajin. Abin da yake sayo wa majinyaci shi ne barci, da zama cikin iyali da hankalinsa, ya yi wasiyya, ya yi sallama. Saboda haka dangi kada su tsaya kan "sai haƙuri" kawai. Su tambayi likita tun majinyaci na da ƙarfin jure aikin, a kuma bar shi ya yanke shawara da kansa bayan ya ji amfanin da haɗarin.