Damo Ba Dodo Ba Ne

King Dinosaur, sinimar da Bert Gordon ya shirya a Amurka cikin 1955, aikin masu ƙaramin jari ce. Sun sami ƙadangare mai kama da damo, suka kusantar da kyamara har ya cika allo, wai shi ne dodon zamanin da. Dabara ce, amma yaro yakan ɗauke ta gaskiya.

Saboda haka muna roƙon malaman Tambuwal da Kebbe su tona wa almajiransu asirin, sa'an nan su gaya musu abin da ya tabbata: a ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku, masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus cikin 1972. Ashe teku ya taɓa rufe ƙasar Sakkwato! Wannan kuwa ya fi damo ban mamaki.