Karatu Don Amfani: Takardar da ke jikin maganin ƙwari

  

Damina ta ƙarato. Kowa yana sharar gona, yana duba iri. A kasuwannin Maraɗi, da Tasawa, da Madawa, da Ƙonni, da Damagaram, masu tebur sun fara jera magungunan ƙwari. Akwai na kwalba, akwai na gwangwani, akwai na gari cikin ƴar leda. Saboda haka karatunmu na wannan wata zai tsaya a kan takardar da ake liƙawa a jikin waɗannan magunguna.

Da farko mu duba wata kalma. Mun saba cewa magani: maganin iri, maganin fara, maganin ciyawa, maganin kaska. Kalmar tana kwantar da hankali, don a wurinmu magani abin warkarwa ne. Amma abin da ke cikin kwalbar nan guba ce. An yi ta don ta kashe. Abin da ya kashe tsutsa yana iya kashe kaza, da akuya, da yaro, da babba, in ya shiga jiki da yawa. Yana shiga ta baki, da hanci, da ido. Yana shiga ta fata kuma, balle in mutum yana gumi.

Guba ba ta da baki. Takardar da ke jikinta ita ce bakinta. Ita ke faɗin ƙarfinta, da yadda ake auna ta, da abin da za a yi in ta taɓa mutum.

Launi huɗu

A 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera magungunan ƙwari aji-aji, daga wanda ya fi saurin kisa zuwa wanda ya fi sauƙi. Daga baya Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba kowane aji launinsa, don wanda bai iya karatu ba ya gane. In ka ɗauki kwalba, ka duba gindin takardar. Za ka ga ɗamara mai launi.

Ja: guba mafi tsanani. Kaɗan daga cikinta ya isa ya kashe mutum. Wannan aikin wanda aka horar ne, mai cikakken kayan kariya.

Ruwan ɗorawa: guba mai ƙarfi. Tana kwantar da mutum, tana kuma iya kashe shi.

Shuɗi: ƙarfinta bai kai na biyun farko ba, amma tana cutarwa in an yi sakaci.

Tsanwa: ita ce mafi sauƙi. Duk da haka ba a sha, ba a shaƙa, ba a bar wa yara.

In magunguna biyu suna aiki ɗaya, ka zaɓi mai tsanwa ko mai shuɗi. Waɗansu suna cewa ja ya fi aiki. Launin bai faɗi haka ba. Abin da yake faɗi shi ne haɗarin maganin ga mutum. Ana samun mai shuɗi da ya fi mai ja kashe ƙwaron da ke damun ka, don kowane ƙwaro da nasa magani.

Hotuna

A 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da tsari guda na hotunan gargaɗi, don kayan haɗari su ɗauki alama iri ɗaya a ko'ina. Hotunan guda 9 ne. Kowane yana cikin gida mai jan baki, kamar laya da aka rataye ta kusurwa guda. Ga waɗanda manomi ya fi haɗuwa da su.

Ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye: guba mai kisa da sauri.

Harshen wuta: abin yana kamawa da wuta. A nisanta shi da murhu, da fitila, da taba.

Ruwa yana ɗiga a kan hannu yana cin sa: yana ƙona fata, yana iya makantar da ido.

Mutum mai tauraro a ƙirji: cutar tana iya ɓoyewa ta daɗe kafin ta fito, kamar ciwon daji, ko ciwon huhu, ko lahani ga ɗan da ke ciki.

Mataccen kifi da busasshen icce: yana kashe abin da ke cikin ruwa. Kada a wanke famfon feshi a tafki ko a bakin rijiya.

Sanda a tsaye da ɗigo a ƙarƙashinta: yana sa ƙaiƙayi da zafin ido, yana cutarwa. A jikin waɗansu kwalabe za ku ga gicciye kamar harafin X. Shi ma gargaɗin cutarwa ne.

Kusa da hoton akan rubuta kalma guda da manyan baƙaƙe na Faransanci. In ka ga DANGER, haɗarin babba ne. In ka ga ATTENTION, haɗarin bai kai wancan ba, amma a yi hattara.

Cikin ɗamarar nan mai launi akwai waɗansu ƙananan hotuna. Su umarni ne. Kwaɗo a jikin akwati: a kulle, yara kada su kai gare shi. Safar hannu, da dogayen takalman roba, da abin rufe hanci da baki: a sa su kafin a buɗe kwalba. Mutum yana wanka a bakin famfo: a wanke jiki bayan aiki. Saniya da kaza da aka ja wa layi: a nisanta dabbobi.

Abin da ya faru a Iraƙi

Hoto ba ya magana da wanda ba a taɓa fassara masa shi ba. Ga abin da ya faru a ƙasar Iraƙi, don mu ɗauki darasi.

A ƙarshen 1971 gwamnatin ƙasar ta sayo irin alkama da na sha'ir daga waje, ta raba wa manoma. An cuɗe irin da maganin da ke ɗauke da zaiba, don kada ya ruɓe a ƙasa. An rina shi da jan launi don gargaɗi. A jikin buhunan an rubuta cewa guba ce, amma da Sifaniyanci da Ingilishi, alhali manoman Larabci suke ji. Waɗansu buhunan suna da hoton ƙoƙon kai, amma ba wanda ya gaya wa mutanen ƙauye ma'anarsa. Irin kuma ya isa wurare da yawa bayan lokacin shuka ya wuce.

Sai mutane suka wanke alkamar. Jan launin ya fita, suka ɗauka gubar ta fita tare da shi. Waɗansu suka fara ba kaji, suka ga kaji ba su mutu nan take ba. Sai aka niƙa, aka yi gurasa, aka ci. Gubar zaiba tana ɗaukar makonni kafin ta nuna kanta. Daga baya hannuwa da ƙafafu suka fara mutuwa, tafiya ta gagara, gani ya ragu. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka rasu a can. Ban da waɗanda suka mutu a gida ba a ƙidaya su ba.

Akwai launi, akwai rubutu, akwai hoto. Abin da ya rasa shi ne mutum guda a kowane ƙauye da zai tsaya ya ce: wannan iri na shuka ne, wanki ba ya fid da gubarsa. Mu ma muna cuɗa gero da wake da gyaɗa da jan gari kafin shuka. Ragowar irin nan ba a ci, ba a ba kaji, ba a kai kasuwa.

Hakkin wanda ya iya karatu

A 1990 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 170 a kan aiki da kayan guba. Ta ce kowane irin wannan kaya ya zo da takardarsa, kuma mai ba da aiki ya sanar da ma'aikacinsa haɗarin, ya koya masa yadda zai kare kansa. Gona ma wurin aiki ce. Wanda ya ɗauki ɗan barema ya miƙa masa famfon feshi, shi ne mai ba da aiki. Mai gida da ya aiki ƙanensa feshin wake, shi ma haka. Mai tsaron mangazar ƙungiyar manoma, shi ma haka. In ka miƙa wa mutum guba ba ka faɗa masa abin da ke cikinta ba, alhakinsa yana wuyanka.

Saboda haka, kafin a fara feshi, a zauna a inuwa. Wanda ya iya karatu ya riƙe kwalba a rufe, ya nuna wa kowa takardar. A amsa tambayoyi 5.

1. Wane launi ne a gindin takardar, kuma waɗanne hotuna ne?
2. An yi maganin don wannan shuka da wannan ƙwaro?
3. Nawa ake zubawa cikin lita nawa na ruwa? A auna da ma'auni. Ƙari a kan abin da aka rubuta ɓarnar kuɗi ce, yana kuma ƙona ganye.
4. Kwana nawa za a jira kafin a tsinki amfanin? A takardun Faransanci akan rubuta baƙaƙe uku, DAR, da lamba a gaba. In an rubuta 7, sai bayan kwana 7 za a tsinki tumatir ko salati. Makiyayi kuma ya tambayi kwana nawa zai jira kafin ya sha nono ko ya yanka dabbar da aka wanke da maganin kaska.
5. In ya taɓa mutum, me za a yi?

Wurin da Faransancin ya gagara, a kai wa malamin gona, ko malamin dabbobi, ko wanda ma'aikatar kare tsirrai ta horar don feshi a ƙauyen. Matambayi ba ya ɓata.

Kada a raba guba da takardarta

Babban haɗarinmu yana nan. Mai tebur yakan buɗe lita guda ya rarraba cikin ƙananan kwalabe, ya sayar kaɗan-kaɗan. Wanda ya saya ya tafi gida da guba marar suna, marar launi, marar ma'auni. Piya-piya da muka sani haka ake sayar da ita. Abin da ke cikinta yana cikin ajin ja a jerin Hukumar Lafiya ta Duniya, amma ga shi ana zuba ta cikin wake da busasshen kifi. In an ɗura ta a kwalbar lemo aka ajiye a ɗaki, yaro mai ƙishirwa ba ya da hanyar ganewa. Araha ba ta ado. In kuɗin lita bai samu ba, mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi guda mai takarda, su yi feshi da ita bi da bi. Don ajiyar wake kuwa akwai buhu mai ninki uku, wanda aka fara yaɗawa a ƙasarmu a 2007. Yana kashe ƙwari da rashin iska, ba a zuba masa komi.

Ku duba lambar izini kuma. Tun 1994 ƙasashen Sahel suka kafa kwamiti guda a Bamako mai binciken magungunan ƙwari. Wanda ya yarda da shi yana ɗauke da lamba mai ƙarewa da kalmar SAHEL. Ƙasashen nan sun hana endosulfan a 2007, sun hana paraquat a 2011, saboda haɗarinsu. In kun ga ɗaya daga cikin sunayen nan biyu a jikin kwalba, ku bar wa mai ita kayansa.

In kwalba ta ƙare, a ɗauraye ta sau 3, a zuba ruwan cikin famfon feshi, a huda gindinta. Ba a zuba mata ruwan sha, ko mai, ko nono, ko an wanke ta da toka da sabulu.

In tsautsayi ya faɗa

Alamun su ne ciwon kai, da jiri, da yawan gumi, da dalalar miyau, da amai, da ƙuncin ƙirji. A fid da mutum daga gonar. A tuɓe masa tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. In ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15. Kada a ba shi nono ko man gyaɗa, don maiƙo yana iya taimaka wa gubar ta shige jiki. Kada a sa shi amai da ƙarfi. A kai shi gidan likita nan da nan, a tafi da kwalbar. Likita zai karanta sunan gubar, ya san allurar da ta dace. In babu takarda, sai ya yi ta lalube, lokaci yana wucewa.

Aikin gida na wannan wata: kowa ya duba maganin da ke ajiye a gidansa. Kada ku kawo kwalbar aji. Ku zana hotunan da kuka gani cikin littafinku, ku rubuta sunan launin. Malaman yaƙi da jahilci su zana su a allo, a fassara su tare. Wanda ya gane ya koya wa matarsa, da ƴaƴansa, da maƙwabcinsa, don mata su ne masu wankin tufafin feshi, yara su ne masu tsintar kwalabe. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.