NAZARI: An farfaɗo da Balad ta Jidda, amma ina mutanen da suka riƙe ta?

Alhajin da ya taɓa shiga Balad sayen tsaraba shekaru goma sha biyar da suka wuce, idan ya koma yau sai ya tambayi hanya. Lungunan da ya sani da duhu an haskaka su da fitilu, gidajen da ake tokare wa da katako don kada su rufta an gyara da dama daga cikinsu, wasu kuma sun koma shagunan gahawa da ɗakunan baje kolin zane-zane. Tsohuwar unguwar Jidda ta zama wurin shaƙatawa, kuma ta cancanci ziyara. Sai dai gyaran ya zo da tambayar da bai kamata mai yawon buɗe ido ya kawar da kai daga gare ta ba: don wa aka yi shi?

Yadda unguwar ta faɗi, ta kuma tashi

Tun zamanin Halifa Usman bin Affan, wajen shekarar 647 Miladiyya, Jidda ta zama mashigar Makka ta teku. Attajiranta sun gina dogayen benaye da dutsen murjani na Bahar Maliya, suka ƙawata su da tagogin katako da ake kira rawashin, masu shigar da iska su kuma suturta iyali. A 1947 aka rushe ganuwar birnin. Da arzikin man fetur ya bunƙasa, iyalan attajiran suka ƙaura arewacin gari, suka bar gidajen ga 'yan haya, galibinsu talakawa baƙi daga Yaman, Afirka da Asiya. Gobara da rashin kulawa suka ci wasu gine-ginen.

Al'amura sun fara sauyawa a 2014, lokacin da UNESCO ta sanya unguwar cikin wuraren tarihi na duniya. A 2019 Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman ya ware Riyal miliyan 50 don ceto gine-gine 56 da ke gab da faɗuwa, sannan a 2021 ya ƙaddamar da shirin farfaɗo da unguwar na shekara 15. A 2023 asusun zuba jari na gwamnati, PIF, ya kafa kamfani na musamman da zai samar da gidaje 9,300 da ɗakunan otal 1,800 a yankin. Manufar a fili take: Saudiyya na son rage dogaro da fetur, tana kuma hanƙoron karɓar baƙi miliyan 150 a shekara nan da 2030.

Abin gani da abin ci

Balad ba ta rana ba ce. Sai bayan La'asar take buɗe ido, kuma da ƙafa ake zaga ta. Wanda ya faro daga Bab Makka ya bi ta kasuwar Alawi, inda ake sayar da turare, kayan ƙamshi, dabino da yadi, zai isa Gidan Nasif, wanda aka kammala a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi Jidda a 1925. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar darbejiya da mutanen gari ke alfahari da ita. Ba nisa daga nan akwai Masallacin Shafi'i, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a birnin. Mai sha'awar sabon abu kuwa, tun 2024 aka buɗe gidan zane-zanen haske na teamLab a bakin tafkin Arba'in.

Abinci ne ya fi komai bayyana asalin unguwar. Akwai ful da burodin tamis, akwai mutabbaƙ, wato siririn kwaɓin fulawa da ake naɗe ƙwai da niƙaƙƙen nama a ciki a soya. Akwai ma'asub, ayaba da aka dama da burodi da zuma, da sayadiyya, shinkafa da kifin Bahar Maliya. A watan Azumi lunguna kan cika da masu soya hanta da masu sayar da balila, wani dafaffen wake da ake zuba wa tsami da yaji, ana korawa da sobiya, abin sha mai sanyi da ake yi da sha'ir ko burodi. A garin Jidda da Makka kuma, Bahaushe zai gamu da gasasshen naman da ake kira siriya, ya ɗanɗana ya gane tsirensa ne na gida, wanda kakanninsa mahajjata suka kai Hijaz. Kusan kowane kwano a nan baƙo ne ya kawo shi.

Farashin da wasu suka biya

A nan ne gizo ke saƙa. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022, a wani shiri na daban, hukumomin Jidda sun rushe unguwanni fiye da 60, da dama a kudu da gabashin Balad, ciki har da Karantina, Gulail, Sabil da Kandara. Gwamnati ta ce an gina su ba bisa tsari ba, kuma sun zama matattarar miyagun ƙwayoyi da masu laifi. Ƙungiyar Amnesty International ta ce rusau ɗin ya shafi mutum fiye da rabin miliyan, kuma tsarin diyya bai haɗa da baƙi ba, alhali su ne kashi 47 cikin ɗari na waɗanda aka tayar. Waɗannan unguwanni ba baƙin suna ba ne ga Hausawa: a cikinsu 'yan Takari da dama suka haifi 'ya'ya da jikoki.

Adalci shi ne a faɗi cewa ba don kuɗin gwamnati ba, da yawancin benayen Balad sun zama tarihi a baki kawai. Attajiran da suka gaje su sun bar su shekaru suna zubewa, 'yan haya kuma ba su da halin gyara. Amma gaskiya ce kuma cewa waɗannan 'yan haya da ƙananan 'yan kasuwa su ne suka hana unguwar zama kufai tsawon rabin ƙarni. Duk inda aka mayar da tsohon gida otal mai tsada, kuɗin haya kan tashi a maƙwabta, mai gasa burodi da mai ɗinki su fara neman wani wuri.

Saboda haka ma'aunin nasarar shirin ba yawan gine-ginen da aka yi wa fenti ba ne. Abin dubawa nan da ƙarshen shekaru 15 ɗin shi ne ko cikin gidaje 9,300 da aka yi alƙawari akwai waɗanda mai ƙaramin ƙarfi zai iya kamawa, da kuma ko tsofaffin 'yan kasuwar Alawi za su ci gaba da riƙe rumfunansu. Mai Umara da ya samu yammaci guda a Jidda, ya shiga Balad ya kashe kwarkwatar idonsa. Idan ya tashi cin abinci, ya nemi tsohon shagon da ya riga gyaran zuwa, domin cinikin irinsa ne zai sa mai shagon ya iya biyan hayar baɗi.